Mai Gadin da Bai San Ƙ Ba

Duk wanda ya taɓa kai kile shagon buga takardu a ƙasar nan ya san yadda ake karɓarsa. Mai shago zai ɗauke shi da yatsu biyu kamar an miƙa masa mushen ɓera, ya soka a jikin kwamfuta, sannan ya ce maka, "Dakata mai gadi ya duba tukuna." Sai wata ƴar taga ta buɗe a allo, koren layi ya yi ta tafiya, lambobi suna gudu. In ta ce babu komai, a buga maka takardarka. In ta ce akwai, sai mai shago ya kalle ka kamar kai ka haifi birus ɗin.

Mu ƴan bakin iyaka kusan kowane abu suna biyu muke yi masa. Abin da muke kira kile a Ɗan Barto, in ka taka Kwangwalam filash ne. Birus ɗinmu bairos ɗinsu ne, ordinatarmu kwamfutarsu, kuran ɗinmu kuwa har gobe nepa suke ce masa. Amma wannan manhajar da ake sa wa na'ura don ta tsare ta, na ji an ce mata mai gadi a nan, na ji an ce mata mai gadi a can. Tunda kuma muka ba ta sunan mutum, sai muka ɗauke ta kamar mutum: wanda ya daɗe a bakin ƙofa shi ya fi sanin ɓarayin unguwa. A kan ɗan Adam wannan magana tana da gaskiya. A kan manhaja na ga akasinta da idona a hutun da ya wuce, abin kuma ya ci mini aikin da ba zan iya sake yin irinsa ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da shago a garinmu, ba nisa da inda motoci ke tsayawa. Ga wanda bai san wurin ba, Ɗan Barto shi ne zangon ƙarshe a hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Kance da Matamaye. Daga mu sai Kwangwalam, sai Daura, sai Kano. Aikin Kawu fotokopi, buga takarda, hoton kati da cajin waya. Direba mai neman kwafin takardun mota, malamin lakwal mai jarrabawar da zai raba gobe, uwar amarya mai son katin biki, duk nan suke zuwa, kuma kusan kowa da kilensa a aljihu. Kile ɗaya zai kwana a ofishi a Matamaye, ya wuni a shago a Daura, ya dawo wurin Kawu da duk abin da ya kwaso a hanya.

In ana son a yi wa Kawu adalci sai an tuna yadda zamanin da ya buɗe shagon yake. A Windows XP, kana soka kile, kwamfuta tana iya karanta wani ɗan fayil da ke cikinsa ta bi umarninsa ba tare da ta tambaye ka ba. Ta wannan ƙofa tsutsar Conficker ta 2008 ta riƙa yaɗuwa daga na'ura zuwa na'ura. Microsoft ya toshe ƙofar ga kile a Windows 7, ya kuma tura gyaran ga masu XP a Fabrairun 2011, amma gyaran ta intanet yake zuwa, kwamfutocin ƙauye kuwa ba su san intanet ba. Daga baya ga birus ɗin rakursi, wanda duk ɗalibi ya sani: ka buɗe kilenka ka tarar dosiyoyinka sun ɓace, an bar maka hotunansu da ƴar kibiya a gindi, kana dannawa kana ƙara shuka shi. Kawu ya ce a shekararsa ta farko sau huɗu ya ɗauki kwamfutar a kan kabu-kabu zuwa Matamaye a wanke ta kaf a sake zubi.

Wani mai gyara ne ya raba shi da wannan wahala. Ya sa masa masu gadi biyu daga faifan sidi guda. Na farko mai duba kile ne, da an soka ya hau bincike. Na biyu shi Kawu ke kira firiji. Aikinsa ya daskarar da kwamfuta a kan halin da take ciki ranar da aka sa shi: duk abin da aka rubuta a faifan C bayan nan, ba ainihin faifan yake shiga ba, gefe ake karkatar da shi, da an kashe an kunna kuma a zubar. Birus ya shiga da safe, da la'asar a sake kunnawa, shi ke nan kamar ba a yi ba. Mai gyaran ya raba faifan gida biyu, C a daskare, D a sake, ya ce wa Kawu duk abin da ake son ya kwana a ajiye shi a D. Wallahi tsarin ya yi aiki. Kusan shekara goma kwamfutar nan ba ta sake hawa kabu-kabu ba. Faifan sidin kuwa Kawu ya naɗe shi a leda ya sa a akwatin da yake ajiye takardun gida.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, shago ya koma kan ƙaramin inji. Wutar inji ba ta da tsayayyen hali, tsohuwar kwamfutar ta yi ta haƙuri har wata rana ta mutu ba ta tashi ba. Da aka buɗe iyakar a Maris na 2024 Kawu ya tara abin da ya tara, ya ba wani direba saƙo aka sayo masa ta hannu daga Kano, ƙarama mai naɗewa, da Windows 10 a ciki. Abin da ya fara yi, tun kafin ya haɗa ta da injin bugawa, shi ne ya buɗe akwati ya ɗauko faifan nan. Na'urar ba ta ma da wurin sa sidi, sai da aka kwafe shi a kile. Mai duba kilen ya shiga. Firijin da ke faifan ya ƙi, yaron shago ya samo wani da ya ɗan fi shi sabunta wurin abokinsa, shi ma mai shekaru, ya shiga.

Daga nan na'urar ta fara halin da ba wanda ya gane. Wani lokaci ana tsakiyar buga takarda allo ya koma shuɗi ta kashe kanta. Abin da ya fi damun Kawu kuwa forfe. In ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa don ya karɓi takarda ta WhatsApp, kafin ya ankara kuɗin sun ƙare. Ya zargi yaron shago da kallon fina-finai, yaro ya rantse har da hawaye. Gaskiyar ita ce, Windows 10 ba ya jiran izini, da ya ga intanet sai ya fara sauko da sabuntawa. Ya gama saukowa, ya nemi a sake kunnawa don ya ɗora, ana sake kunnawa firiji ya zubar da komai ya maido da na'urar ranar farko. Gobe Windows ya duba ya ga ba a yi masa komai ba, ya sake saukowa. Ɗaya na ɗebo ruwa, ɗaya na huda tulu, Kawu na biyan kuɗin rijiya.

A wannan hali na iso gida hutu da aikin da malaminmu ya ba mu a sashen nazarin harshe: kowa ya koma garinsu ya naɗo maganar tsofaffi a kan wata sana'a, ya rubuta ta da sautinta. Ni na zaɓi rake, tunda ƙasarmu ta Matamaye da shi aka san fadamunta. Na'urar naɗar murya guda ce ke yawo tsakaninmu mu da yawa, kowa da kwanakinsa, in ka gama ka goge ka miƙa wa na gaba. Kwana goma sha biyu na yi ina bin lambuna da zauruka da tsakar gidaje. Na tara fayil 23. Kowanne na sa masa suna da kalmar da aka fi tattaunawa a cikinsa: fadama, takanɗa, gaɓa, ɓawo, mazarƙwaila, ƙorama, jigo, haka dai. Na yi abin da ake koya mana, na ajiye kwafi biyu, ɗaya a kilena, ɗaya a kwamfutar Kawu cikin dosiyen takardu. Sannan na goge na'urar na ba direba ya kai wa abokiyar karatuna da ke jira a Damagaram.

Washegari na koma shago in fara saurare ina rubutawa. Dosiyen da na ajiye a kwamfuta babu shi. Sabuwar na'urar ba a raba faifanta ba, C ne kaɗai, babu D. Firijin bai san da wannan ba, shi dai an ce masa ya daskarar da C, ya daskarar da gidan gaba ɗaya har da rumbu. Na ce ba komai, ga kile. Na soka, koren layi ya kama tafiya, sai ga jan rubutu: ya kama abubuwa 14 masu haɗari ya killace su. Na leƙa jerin sunayen, gabana ya faɗi. Ga "?orama", ga "?awo", ga "takan?a", ga "mazar?waila". Fayil tara da ya bari su ne waɗanda babu harafi mai ƙugiya a sunansu. Na danna wurin da aka rubuta a maido, ya ce ba a sami hanyar fayil ɗin ba. Ina cikin sake gwadawa allo ya yi shuɗi, na'ura ta kashe kanta ta kunna. Kurkukun da mai duba kile ya kai muryoyin nan a faifan C yake. Mai gadi na farko ya kama su ya kulle, na biyu ya rushe kurkukun da su a ciki.

Ɗalibin harshe zai gane abin da ya faru da sunayen nan da wuri. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsoffin manhajoji da yawa an rubuta su ne a kan wani jadawali mai gurbi 256 kacal, wanda ake kira Windows-1252. A cikinsa akwai é da ç na Faransanci, akwai ñ na Sifaniyanci, akwai ß na Jamusanci, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Tsarin Unicode, wanda ya ba haruffanmu lambobinsu tun fitowarsa ta farko a 1991, shi Windows na yanzu ke amfani da shi, shi ya sa ya karɓi sunayen ba gardama. Tsohon mai gadin kuwa da tsohon jadawali yake karatu. Duk harafin da bai sani ba alamar tambaya yake gani, kuma a fahimtar mai gyaran da ya duba mini daga baya, an koya masa cewa suna mai baƙon harafi dabarar ɓarayi ce. Wato a wurinsa ƙ ɗin da ke raba ƙafa da kafa, da ɗ ɗin da ke raba faɗa da fada, shaidar laifi ne. Dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tsayar mana da ƙa'idar rubutu har da ƴ ɗin da ƴan uwanmu na Najeriya ke rubutawa 'y. A Maris na 2025 kundin sake fasalin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma a shagunan da ake buga takardun wannan harshe, har yau akwai masu gadin da ke kama haruffansa a bakin ƙofa.

Shuɗin allon kuma wani labari ne, kuma shi ne asalin abin. Manhajar rubutu ko ta kallon hoto a tsakar gida take zama, in ta faɗi ita kaɗai ta faɗi. Manhajar tsaro ba ta iya aikinta daga tsakar gida. Dole ta shiga can ƙuryar tsarin, inda ake raba ƙwaƙwalwa da ba da izinin taɓa faifai, ta tsaya tsakanin kowane umarni da cikarsa. Don ta yi haka sai ta haddace fasalin ƙuryar: ƙofa kaza tana nan, mashigi kaza yana can. In aka fito da sabon tsari, ƙofofin nan suna matsawa, wasu a toshe su da gangan. Mai gadin da ba a sabunta shi ba zai miƙa hannu inda ya saba samun ƙofa ya daki bango, a ƙurya kuwa kuskure ɗaya ya isa ya kayar da gidan duka. Shi ya sa manhajar da ta fi kowace zurfin shiga ita ta fi kowace saurin tsufa.

Da na koma Yamai na bi zancen, sai na ga abin da ya sami shagon Kawu ya sami manya. A Janairun 2018 aka bayyana wasu ramuka biyu a ƙirar ƙwaƙwalwar kwamfutoci, Meltdown da Spectre. Microsoft ya fitar da faci, sai aka tarar wasu antibirus suna shiga ƙuryar Windows ta hanyar da ba a amince ba, da facin ya hau sai allo ya yi shuɗi. Sai kamfanin ya kafa sharaɗi: ba za a tura wa kwamfuta facin tsaro ba sai antibirus ɗinta ya ajiye wata alama a rajista cewa ya dace da gyaran. Wanda nasa tsoho ne, ba mai kula da shi, bai ajiye alamar ba, na'urarsa ta zauna ba faci har aka ɗage sharaɗin a Maris da Afrilu na shekarar. Duk tsawon lokacin hoton garkuwa yana nan a kusurwar allonsa yana gaya masa lafiya lau.

Shi kansa Microsoft ya taɓa yin irin wannan mai gadi ya kuma sallame shi da hannunsa. A 2009 ya fitar da EMET kyauta. Ba birus take nema ba, dabarun da ɓarayi ke bi ta cikin ƙwaƙwalwa take toshewa: ta hana a gudanar da umarni a wurin da aka keɓe don ajiyar bayani, ta sa kayan manhaja su riƙa sauya mazauni don kada ɓarawo ya san inda zai same su. Ma'aikatu da kamfanoni sun dogara da ita shekaru. A 2016 masu bincike na kamfanin FireEye suka nuna ana iya amfani da wani sashe na EMET a kashe EMET ɗin kanta. Fitowar Windows 10 ta Oktoban 2017 ta shigar da dabarun a jikin tsarin, ta kuma hana tsohuwar manhajar aiki a kansa, ranar 31 ga Yulin 2018 aka daina kula da ita gaba ɗaya. Wanda ya ƙera abu ya ce lokacinsa ya wuce, mu kuma muna nan da faifan da aka naɗe a leda.

Kada wani ya ɗauka ina cewa sabo ba ya kuskure. Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi a filaye da dama. Bambancin shi ne, wancan yana da masu shi, cikin sa'o'i suka janye abin suka fito da gyara. Tsohon mai gadin da ba a san ma ko kamfaninsa na raye ba, wa zai gyara shi? Kuma mafi munin aikin firiji ba forfen da ya ci ba ne, facin da ya riƙa zubarwa ne. A Maris na 2017 aka fitar da facin wani rami a Windows. Ranar 12 ga Mayu WannaCry ya bi ta ramin ya kulle kwamfutocin da ba su ɗora facin ba a ƙasashe sama da 150, asibitoci a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Na'urar da aka daskarar a ranar da aka saye ta, duk ramin da aka gano bayan ranar a buɗe yake, kullum, komai yawan kashewa da kunnawa.

Muryoyina dai wani mai gyara a Matamaye, abokin yayana, shi ya cece su. Abin da ya fara tambaya shi ne ko na ajiye wani abu a kilen tun da abin ya faru. Na ce a'a. Ya ce to akwai rabo, domin in an goge fayil sunansa ake cirewa daga jeri, jikinsa yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa. Ya kunna tasa na'urar da Linux, ya bi kilen da wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda ba ta damu da suna ba, siffar fayil take nema. Muka zauna har aka kira magariba. Sha ɗaya suka dawo lafiya, ba suna sai lambobi, na kwana ina saurare ina sake raɗa musu. Uku suka dawo a yayyage, ba abin da ake ji sai ƙara.

Biyu daga cikin ukun na sake naɗo su ba wahala. Na ukun shi ne wanda har yau nake jin zafinsa. Wata tsohuwa ce, ƙawar kakata, wadda ta yi shekaru tana sayar da rake a bakin hanya. Ranar da na je, maƙwabciyarta ta shigo, suka manta da ni da na'urata, suka kama musu kan wace shekara rake ya fi tsada da wanda ya fara kawo wani iri garin. Minti arba'in suna yi, da habaici, da karin magana, da Hausar da ba a jin ta a rediyo. Ina da wasu kalmomin a kayena, amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo duk haruffa huɗu ne a takarda, kunne ne ke raba su. In babu murya, rabin shaida ce a hannunka.

Da na koma da wayata na ce, "Kaka, maganar nan ta ranar nan za ku sake yi mini, ta lalace."

Ta ce, "Kishiyata, magana ai ba tuwo ba ce da za a ɗumama."

Ta yarda dai. Ta gyara zama, ta ja mayafi, ta yi gyaran murya, ta fara da gaisuwa ga masu saurare kamar mai jawabi a gidan rediyo. Kowace kalma a tsaye, kowace jimla a wanke. William Labov ya daɗe da bayyana wannan matsala ta masu nazarin harshe: muna son mu ji yadda mutane ke magana in ba a sa musu ido ba, amma ba mu da hanyar ji sai mun sa musu ido. Sau ɗaya na yi sa'ar tsallake wannan, sai manhajar da aka sa don tsaro ta cinye.

Shawo kan Kawu ya fi maido da fayil wuya. Mai gyaran ya zo har shago ya ce a cire duka biyun.

Kawu ya ce, "Shekara goma suna tsare ni. Da tsohuwar zuma ake magani."

Na ce, "Kawu, gaskiyarku ne, sun tsare ku. Amma waccan na'urar suka sani. Wannan tana da nata mai gadin a jikinta, su ne ma suka hana shi aiki."

"Wanda ba na gani? Wancan in ya kama abu yana nuna mini da ja."

Nan na gane abin da yake saye da amanarsa: jan rubutu da koren layi, abin da ido ke gani har abokin ciniki ya shaida. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ba hujja ce ta karya shi ba, lissafi ne. Mai gyaran ya buɗe masa wurin da Windows ke nuna abin da ya ci na intanet a wata guda, ya nuna masa layin sabuntawa. Kawu ya yi shiru, ya juya ya kalli yaron shago, ya ce, "Ashe ba kai ba ne." Da yamma na ga ya saya masa tsire.

Abin da aka yi bayan nan ba shi da tsada. An cire tsoffin biyu, firijin ma sai da aka sha fama don yaron ya manta kalmar sirrinsa. An bar mai gadin da ke jikin Windows ya tashi. An kai na'urar Matamaye inda intanet ke da sauƙi ta sha sabuntawarta sau ɗaya, aka kuma gaya mata cewa layin wayar Kawu na awo ne, kada ta riƙa zuƙa yadda ta ga dama. An buɗe asusu biyu, na mai gida mai kalmar sirri, da na aikin yau da kullum wanda ba shi da ikon sa sabuwar manhaja. An sa ta riƙa nuna wutsiyar sunan kowane fayil, don a gane takarda ta gaskiya da rakursin da ya yi shigar takarda. Tun daga ranar allo bai sake shuɗi ba.

Sai dai wata matsalar tana tafe, kuma ba ta Kawu kaɗai ba ce. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na kowa da kowa. An ba da ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa yana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa sosai ba, ta Kawu ba ta cika sharaɗin ba, kuma in kuka duba na'urorin da ke ɗakunanmu na kwana za ku tarar da yawa haka suke, tunda abin da wasu ƙasashe suka gama da shi muke saye. Jiya matsalarmu tsohon mai gadi a sabon gida, gobe tsohon gida ba mai gadi. Ranar da hakan ta zo na san masu gyara za su sake fito da firiji da ire-irensa, kuma ba zan ga laifinsu sosai ba, domin mai ƙaramin ƙarfi da abin da ya samu yake rufe ƙofa. Akwai wata hanyar, a sa wa tsohuwar na'ura Linux, wanda kyauta ne, ana sabunta shi, kuma ya san haruffanmu. Amma sai an sami mai koya wa irin su Kawu, sai an tabbatar injin bugawarsu zai yarda da shi.

Ƴan uwa, da yawanmu muna yawo da aikin shekara a kile ɗaya: memwar, waƙoƙin da muka rubuta, muryar kakannin da ba za su daɗe tare da mu ba. Muna soka shi a duk shagon da muka samu. Kafin ku miƙa, ku tambayi mai shago ko na'urarsa a daskare take. Ku duba shekarar mai gadin da ke kanta, yawanci tana rubuce a ƙasan tagarsa. Kwafi biyu da ke haɗuwa a na'ura ɗaya ba biyu ba ne, na ukun ya zauna inda ba ya haɗuwa da su, ko a waya, ko a imel. Wanda zai kai aiki bugawa ya kai takardar kaɗai a wani kilen daban, ya bar ainihin kayansa a gida.

Wata ƙawata ta ba ni shawarar in daina sa ƙ da ɗ a sunan fayil, in huta. Don tafiya shago na yarda, ina da kilen da sunayensa duk ba ƙugiya. Amma a tawa na'urar ƙorama tana nan da ƙ ɗinta. Ina kuma roƙon ƙungiyarmu, kafin hutun da ke tafe, mu ware yini guda mu zauna da ƴan sashen kwamfuta, kowa ya zo da na'urarsa da kilensa a duba abin da ke gadinsu. Wanda ya koya ya koma garinsu ya duba na shagon unguwarsu. Ni na Ɗan Barto na ɗauka.